Ƙaddara da Zaɓin Ɗan Adam a Fahimtar Katolika

Duk wanda ya zauna da Hausawa na ɗan lokaci zai ji kalmar ƙaddara. Ana jin ta a wurin ta'aziyya, da wurin jajen gobara, da bakin asibiti. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa yakan kama ta, haka ma ɗan kasuwar da jarinsa ya karye. Akan ce ƙaddara ta riga fata, wato abin da aka rubuta wa mutum ya riga burinsa zuwa. Akan kuma ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Asalin kalmar Larabci ne, daga saiwar da ke ɗauke da ma'anar iko da aunawa, kuma daga nan muka samo ƙudura. A maganar yau da kullum ta fi fitowa bayan wani abin baƙin ciki ya auku, kuma da zarar an ambace ta, yawanci zance ya ƙare.

Matsalar da nake son dubawa takan taso ne idan mai karatu ya ɗauki wannan kalma da dukkan kayan da ke kanta, ya shiga da ita cikin Littafi Mai Tsarki. Masu fassara zuwa Hausa sukan yi amfani da fi'ilin ƙaddara a wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa 8:29-30 da wasiƙarsa zuwa ga Afisawa 1:5 da 1:11. Wata rana muna karanta waɗannan ayoyi a aji don nazarin jimla, sai wata ɗaliba ta tambaye ni ko ma'anarsu ita ce Allah ya riga ya raba mutane gida biyu tun kafin a haife su, waɗansu na Aljanna, waɗansu na wuta, ba abin da kowa zai iya yi. Ni malamin harshe ne, amma tambayar ta sa na koma ga tarihin wannan muhawara. Ra'ayin da na fito da shi shi ne, amsar Ikilisiyar Katolika ta fi sauran amsoshin Kirista riƙe amanar nassi, ko da yake ita ce ta fi barin mai tambaya da ƙishirwa.

Bari mu fara da kalmar kanta. An rubuta Sabon Alkawari da Helenanci, kuma fi'ilin da ake fassarawa da ƙaddara yana nufin shata iyakar abu tun da wuri. Sau shida kacal ya fito. A Ayyukan Manzanni 4:28 yana magana ne a kan abin da ya sami Yesu a hannun mahukunta. A wasiƙa ta farko zuwa ga Korantiyawa 2:7 yana magana a kan hikimar Allah. Sauran huɗun, biyu a Romawa biyu a Afisawa, suna magana ne a kan mutane, kuma abin da aka ƙaddara musu shi ne su yi kama da Almasihu, su zama 'ya'ya, su sami gado. Babu ko ɗaya cikin shidan da ya ambaci wani mutum da aka ƙaddara wa hallaka. Malaman Katolika sukan ƙara da Matiyu 25, inda aka kwatanta ranar shari'a. An gaya wa na hannun dama cewa mulkin da za su gāda an shirya shi dominsu tun kafuwar duniya. Wutar da aka tura na hannun hagu kuwa, nassin ya ce an shirya ta ne domin Iblis da mala'ikunsa. Wannan bambanci ƙarami ne a ido, amma a kansa koyarwar Katolika ta tsaya: akwai ƙaddara zuwa ga rai, babu ƙaddara zuwa ga wuta.

Ayoyin da ke ɗora wa mutum nauyin zaɓi kuwa suna da yawa. A Kubawar Shari'a 30:19 Musa ya ajiye wa jama'arsa rai da mutuwa, ya ce su zaɓa. Ezekiyel 33:11 ya nuna Allah ba ya murna da mutuwar mugu. Wasiƙa ta farko zuwa ga Timoti 2:4 ta ce nufin Allah ne kowa ya tsira. A Matiyu 23:37 Yesu ya yi makokin Urushalima, ya kwatanta kansa da kazar da ta so tattara tsakinta amma suka ƙi. Akwai kuma littafin Sirak, sura ta 15, wanda ya fi kowane fayyace maganar, domin ya ce an bar mutum a hannun shawararsa, an ajiye masa wuta da ruwa ya miƙa hannu ga wanda ya so. Ya kamata ɗalibi ya sani cewa Sirak yana cikin littattafai bakwai da Katolika suke ƙirgawa a Tsohon Alkawari, Furotesta ba sa ƙirga su, don haka ba kowane bugu ne ke ɗauke da shi ba.

Da abin ya tsaya nan, da ba a yi shekaru fiye da 1,500 ana jayayya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne Romawa sura ta 9. A nan Bulus ya kawo tagwayen Ishaku, ya ce an zaɓi Yakubu an bar Isuwa tun ba a haife su ba, tun ba su aikata alheri ko sharri ba. Ya kawo Fir'auna wanda aka taurare wa zuciya. Sa'an nan ya kawo maginin tukwane, wanda yake da ikon ya ɗebi yumɓu ɗaya ya gina tukunyar daraja da ta ƙasƙanci. Wanda ya karanta wannan sura ita kaɗai, ba laifinsa ba ne in ya ce magana ta ƙare.

Sai dai Bulus bai ajiye alƙalami a sura ta 9 ba. Zancen ya zarce har ƙarshen sura ta 11, kuma tambayar da ke damunsa ita ce makomar jama'arsa Isra'ila, ganin yawancinsu ba su karɓi bisharar da al'ummai suke karɓa ba. Nassosin da ya jawo ma suna nuna haka. A Farawa 25:23 an gaya wa Rifkatu cewa al'umma biyu ne a cikinta, kuma Malakai, wanda Bulus ya ɗauko maganar ƙaunar Yakubu da ƙin Isuwa daga gare shi, yana magana ne a kan Isra'ila da Edom. Zaɓin da ake nufi shi ne ta wace zuriya alkawari zai bi. Maginin tukwane kuma ya riga ya fito a Irmiya 18, inda tukunya ta lalace a hannun magini ya sake gina ta, aka kuma bayyana cewa al'ummar da aka yi wa barazanar hukunci, in ta tuba, za a janye hukuncin. Yumɓun Irmiya yumɓu ne mai iya tuba. A sura ta 11 Bulus ya kawo itacen zaitun wanda aka sare waɗansu rassansa aka ɗaura waɗansu, kamar yadda manomanmu suke yi wa mangwaro aure. Dalilin sarewar rashin bangaskiya ne, kuma ya gargaɗi rassan da aka ɗaura cewa su ma ana iya sare su, waɗanda aka sare kuma ana iya mai da su. Jerin sunayen da aka rufe tun fil azal ba ya karɓar irin wannan shiga da fita. Ya rufe zancen a 11:32 da cewa manufar duka ita ce a yi wa kowa jinƙai.

Batun Fir'auna ya fi wuya, kuma ba na son in sauƙaƙa shi fiye da kima. Tun a Fitowa 4:21 an sanar da Musa cewa Allah zai taurare zuciyar sarkin. Amma idan aka bi labarin annoba ɗaya bayan ɗaya, a biyar na farko nassin yakan ce zuciyarsa ta taurare ko kuma shi ya taurare ta da kansa. Sai a ta shida, a 9:12, aka fara cewa Ubangiji ne ya yi. Orijin, malamin Iskandariya na ƙarni na uku, ya yi bayanin wannan da misalin rana, wadda zafinta ɗaya ne amma takan narkar da kaki ta busar da laka. Duk wanda ya taɓa ganin man shanu da tubali a rana ɗaya ya san abin da yake nufi.

Wanda ya fi kowa tasiri a wannan fage ɗan Afirka ne, wato Agustin, bishof na Hippo, garin da ake kira Annaba yanzu a Aljeriya. Ya rayu daga 354 zuwa 430. Abokin jayayyarsa Pelajiyus ya koyar cewa mutum yana iya cika umarnin Allah da ƙarfin halittarsa, taron bishof-bishof na Kartaj kuma ya yi tir da wannan koyarwa a 418. Agustin ya dage cewa alherin Allah ne ke fara komai, har da son tuba. Da tsufa ya zo masa, kalamansa suka ƙara tsauri, har suka ta da hankalin 'yan zuhudun Hadrumetum, garin Susa na Tunisiya a yau. Wani daga cikinsu ya ce tunda komai alheri ne, bai kamata shugaba ya tsawata wa mai laifi ba, sai dai ya yi masa addu'a. Ni dai ina jin daɗin wannan labari, domin hujjar ɗan zuhudun nan ita ce hujjar kowane yaro da aka kama bai yi aikin gida ba. Wajen 426 zuwa 427 Agustin ya rubuta musu littattafai biyu, ɗaya a kan alheri da 'yancin zaɓi, ɗaya a kan tsawatarwa da alheri, yana nuna musu cewa tsawatarwar kanta tana cikin hanyoyin da alheri ke bi ya kai ga mutum.

Ikilisiya ta karɓi Agustin, amma ta tace shi. A 529 taron Oranj a kudancin Faransa ya amince cewa ko mafarin bangaskiya kyauta ce, ya kuma la'anci ra'ayin cewa ikon Allah yana ƙaddara wa wani mugunta. Bayan shekara dubu rigimar ta sake tashi. Martin Luta ya rubuta littafi a 1525 yana cewa nufin ɗan Adam a ɗaure yake. Jon Kalbin, a babban littafinsa wanda bugunsa na ƙarshe na Latin ya fito a 1559, ya koyar da ƙaddara mai fuska biyu, wato an tsara wa waɗansu rai madawwami, waɗansu hallaka madawwamiya. Taron Tirent ya ba da amsa a watan Janairu na 1547. Ya ce Allah ne ke motsa nufin mutum, mutum kuma yana ba da haɗin kai, yana kuma iya ƙi. Ya ƙi yarda a ce cin amanar Yahuza aikin Allah ne kamar yadda kiran Bulus yake aikinsa. Ya ƙara da cewa ba wanda zai iya tabbatar wa kansa yana cikin zaɓaɓɓu sai da wahayi na musamman.

Mai hankali zai tambaya: to ta yaya abubuwa biyun suke haɗuwa? In alheri ne ke sa mutum ya amsa, ina 'yancinsa? In kuma mutum na iya ƙi, ashe shirin Allah ya rataya a wuyan bawa ke nan? Katolika da kansu sun yi faɗa a kan wannan. A 1588 wani malamin ƙungiyar Jeswit, Luwis de Molina, ya buga littafi a Lisbon yana cewa Allah yana da wani sani na tsakiya, wato ya san abin da kowane mai 'yanci zai zaɓa a kowane hali da za a sa shi, ko da halin bai taɓa aukuwa ba. Cikin hujjojin masu wannan ra'ayi akwai labarin Dawuda a garin Kaila, a littafin Sama'ila na farko sura ta 23. Dawuda ya tambaya ko mutanen garin za su bashe shi ga Saul in ya zauna, aka ce masa za su yi, sai ya fice, abin kuma bai faru ba. 'Yan ƙungiyar Dominikan, waɗanda Domingo Banyes ya yi wa jagora, suka ce wannan ya rage wa Allah iko. A wurinsu alheri yana cim ma manufarsa da ƙarfin kansa, kuma Mahalicci yana iya motsa nufin da ya halitta ba tare da ya karya shi ba. 'Yan Jeswit suka zarge su da bin Kalbin, su kuma suka zargi 'yan Jeswit da bin Pelajiyus. Fafaroma Kilement na Takwas ya kafa kwamiti a 1597, aka yi ta zama har ya rasu a 1605. A 1607 Fafaroma Bulus na Biyar ya sallami kowa, ya bar wa kowane ɓangare koyarwarsa, ya hana su kiran juna 'yan bidi'a. Har yau ba a yanke hukunci ba.

Waɗansu suna ganin wannan tsoro ne, ko siyasar gudun ɓata wa manyan ƙungiyoyi biyu rai. Ba na musun cewa siyasa ta taka rawa. Amma a ganina hukuncin ya dace da iyakar abin da nassi ya bayar. Filibiyawa 2:12-13 ta umarci masu bi su yi aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, nan take kuma ta ba da dalili cewa Allah ne ke aikata nufin da aikin a cikinsu. Marubucin bai ga saɓani ba, bai kuma yi bayanin yadda abin ke gudana ba. Wanda ya ce ya gano yadda yake gudana, dole ya danne rabin ayar don ɗaya rabin ya miƙe. Abin da Roma ta yi shi ne ta kafa shinge biyu ta bar fili a tsakani. Kuma shingen na gaske ne, domin a 1653 Fafaroma Innosent na Goma ya yi tir da maganganu biyar da aka danganta wa littafin Bishof Yansen, cikinsu har da cewa ba a iya ƙin alherin da ke aiki a zuci.

Gaskiya ɗaya ce, tsarin Kalbin ya fi saukin bi a hankalce, kuma yana ba mabiyansa natsuwar cewa cetonsu ba ya hannunsu mai rawa. Haka kuma Katolika da yawa ba su san cewa Toma Akwinas, babban malaminsu na ƙarni na 13, ya koyar cewa zaɓin Allah bai dogara ga cancantar da ya hango a wurin mutum ba. Tazarar da ke tsakaninsa da Kalbin ba ta kai yadda ake zato ba. Abin da ya raba su shi ne, a wurin Toma hallaka sakamakon zunubin da mutum ya aikata da son ransa ne, Allah ya ƙyale shi amma bai sa shi ba. Wani zai ce wannan wasa da kalmomi ne. Ni ban ɗauke shi haka ba, domin ko a Hausa akwai nisa tsakanin "ya bar shi ya tafi" da "ya kore shi", kuma kowane alƙali ya san nisan.

Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya taɓa wani gefe da ke rage nauyin tambayar. A sakin layi na 600 ya bayyana cewa dukkan lokuta a gaban Allah suke lokaci guda, don haka shirinsa na har abada ya ƙunshi amsar da kowane mutum ya bayar da 'yancinsa. A na 1037 ya maimaita cewa ba wanda aka ƙaddara wa jahannama. A nan harshe ne ke yi mana tarko. Muna cewa Allah ya riga ya sani, kalmar riga kuwa tana sa mu hango shi a tsaye a jiya yana leƙen gobe. Ba mu da wata hanyar faɗa, domin kowane fi'ilin Hausa sai ya ɗauki lokaci, amma jiya da gobe namu ne.

Ɗalibai Musulmi za su ga sun san wannan hanya. Imani da ƙaddara yana cikin shika-shikan imani shida, kuma malaman tauhidi sun daɗe da yin watsi da Jabariyya, masu cewa an tilasta wa bawa aikinsa, da Ƙadariyya, masu cewa aikin bawa ya fita daga ƙaddarar Allah. Tambayoyin addinan biyu ba ɗaya ba ne daidai, tunda ta Kirista ta fi karkata ga alheri da ceto, amma ramukan da ake gudu a dama da hagu sun yi kama.

Abin da ya sa na damu da wannan magana ya wuce aji. Idan direba ya san tayarsa ta suɗe, ya yi lodin da ya fi ƙarfin mota, ya kwana bai yi barci ba, sa'an nan aka yi haɗari, za a ce ƙaddara ce. A gaban uwar da ta rasa ɗanta, wannan kalma magani ce, kuma ba zan hana kowa faɗinta ba. A bakin direban kuwa mafaka ce. Kalma ɗaya tana aiki biyu, Hausawa ma sun san haka, shi ya sa suke da kalmar ganganci da sakaci, suke kuma cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Kiristan da ya ɗauki ƙaddarar direban nan ya kai ta Romawa 8 ya ɗora wa Bulus abin da bai faɗa ba. Toma Akwinas ya amsa masu cewa addu'a da ƙoƙari ba su da amfani tunda an riga an gama, ya ce wanda ya tsara ƙarshen abu shi ne ya tsara hanyoyin kai wa gare shi, addu'a da aiki kuma suna cikin hanyoyin.

Labarin da na karanta wa ɗalibar nan a mako na gaba yana cikin Ayyukan Manzanni 27. Ana kai Bulus Roma a ɗaure cikin jirgin ruwa mai ɗauke da mutum 276, hadari ya yi ta jifa da su kwana 14. Bulus ya sanar da su cewa mala'ika ya tabbatar masa jirgin zai hallaka amma ba ran da zai salwanta. Da tsakar dare matuƙan suka ji alamar tudu ya kusa, suka saukar da ƙaramin kwalekwale da sunan za su jefa anka, alhali gudu suke shirin yi. Bulus ɗin nan da aka yi wa alkawari bai naɗe hannu ba. Ya je wurin jarumin sojan ya gaya masa in mutanen nan suka bar jirgin, sauran ba za su tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin kwalekwalen. Da asuba ya matsa wa kowa ya ci abinci, suka zubar da alkamar da ta rage a teku don jirgin ya yi sauƙi. Jirgin ya kafe a yashi, raƙuman ruwa suka farfasa bayansa. Waɗanda suka iya iyo suka fara faɗawa ruwa, sauran suka bi a kan katakai da tarkacen jirgi, duka 276 suka fita a tsibirin Malta.